Horar da Ɗalibin Tarihi: Digiri Kaɗai Bai Isa Ba

Jami'o'inmu na yaye masu digiri na biyu da na uku a fannin tarihi, da fatan su zama malaman jami'a da kwalejojin ilimi. Sai dai a ganina, horon da ake ba su ya fi karkata ga rubuta kundi da Turanci, alhali makamin farko na mai binciken tarihin ƙasar Hausa shi ne harshen mutanen da yake nazari.

Magabata sun fahimci haka. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya ɗora ɗalibansa a kan rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan. Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan Katsina yana sauraron dattawa kafin ya rubuta tarihinta. Haka Garba Nadama ya kammala kundin digirinsa na uku a kan daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Mu ɗauki misalin Bakolori. An kammala madatsar ruwan a 1978, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka afka wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka. Har yau alƙaluman gwamnati da na mutanen yankin ba su daidaita ba. Daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, har garuruwa irin su Dakko, akwai dattawan da suka ga wannan zamani. Wanda yake ɗan shekara 20 a lokacin, yanzu ya haura 60. Ɗalibin da bai laƙanci karin harshen Zamfarci ba, bai iya karanta ajami ba, bai kuma san ladabin zama gaban dattijo ba, me zai samo a wurinsu? Ga rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama, masu labarin suna ta ƙaura.

Saboda haka, ya kamata sassan tarihi su haɗa kai da sassan Hausa da Larabci, a wajabta wa ɗaliban darasin ajami da dabarun hira da naɗar murya. Bugu da ƙari, a riƙa tura su aji suna koyarwa ƙarƙashin kulawar gogaggen malami, domin sanin abu daban, iya isar da shi daban.

Ku ma masu shirin zama malaman Hausa kuna da rabo a wannan aiki, domin a hannunku yaro zai fara sanin darajar harshensa. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A hanzarta tun masu labarin suna raye.