Awon Gaɓar Teku: Abin da Ya Shafi Ƙasar da Ba Ta da Teku

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, amma cinikinta da arzikinta suna rataye da teku. Shinkafa da sukari da magunguna da injunan da ake saukewa a Yamai da Maraɗi da Damagaram, yawancinsu ta tashar Kotonu ko ta Lome suka shigo Afirka. Tun shekarar 2024 kuwa, man fetur na Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilometir 2,000 zuwa Seme, a gaɓar Benin, inda ake ɗura shi cikin jiragen ruwa. Babban jirgi ba ya kusantar gaɓa sai matuƙinsa yana riƙe da taswira mai nuna masa zurfin ruwa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin wannan awo, da abin da ke cikinsa na riba da hasara.

Hanya ta fari ita ce ta igiya da dalma, kamar dai yadda mai haƙar rijiya ke ƙidaya gaba nawa ya yi kafin ya cim ma ruwa. Ana zura igiyar har dalma ta taɓa ƙasa, a karanta zurfi. Akan liƙa kitse a gindin dalmar domin ya ɗauko yashi ko laka, a san irin ƙasar wurin. Aibin wannan hanya shi ne, tsakanin awo da awo dutse yana iya ɓoyewa.

Hanya ta biyu ita ce ta amsa-kuwwa, wadda ta bazu bayan 1920. Na'ura tana aika ƙara daga cikin jirgi zuwa ƙasan teku, ta jira dawowarta. Ƙara tana cin kimanin metir 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwan teku. Idan ta dawo cikin kashi ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, ta yi tafiyar metir 30 ke nan, zuwa da dawowa. Zurfin wurin metir 15 ne. A 1977 aka ɗora wa jirgin binciken Faransa mai suna Jean Charcot na'ura mai watsa ƙara hagu da dama kamar buɗaɗɗen mahuci, ta yadda jirgi ke share fili mai faɗi a wucewa ɗaya. Sai dai a ruwa marar zurfi filin yana tsukewa, aiki ya yi tsada, jirgin kansa kuma yana cikin hatsarin cijewa.

Wannan ne ya kawo hanya ta uku, wato awo daga sama. Jirgin sama yana harba haske iri biyu: ɗaya yana komowa daga fuskar ruwa, koren kuwa yana ratsawa har ƙasa. Bambancin lokacin dawowarsu shi ke ba da zurfi, har wajen metir 50 idan ruwa garau yake. Akwai kuma taurarin ɗan Adam, irin Sentinel-2 na Turai da aka fara harbawa a 2015, wanda ake samun hotunansa kyauta. Ruwa marar zurfi yana da haske a hoto, mai zurfi yana da duhu, daga nan masana ke ƙiyasta awo. Amma inda kogi ke zuba laka, haske ba ya ratsawa, dole a koma ga kwale-kwale da amsa-kuwwa. Duk da waɗannan dabaru, a 2024 kashi 26 cikin ɗari kaɗai na ƙasan tekun duniya aka auna da kyau.

Awo ɗaya kuma ba ya isa, domin gaɓa ba ta zama wuri guda. A gaɓar Togo da Benin igiyar ruwa tana kwashe yashi daga yamma zuwa gabas. Da aka gina tashar Kotonu a 1965, da ta Lome a 1968, katangunsu suka tare yashin: ya taru a yamma, teku kuwa ta shiga cin ƙasa a gabas, har ta haɗiye gidaje da hanyoyi. Mashigin da ba a sake aunawa ba, ba a yashe ba, yana cikewa; manyan jirage su ƙaurace masa, kuɗin dako ya hau, ƙarin kuma ya faɗo kan mai saye a kasuwar Tawa.

Bayan ciniki akwai batun iyaka. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce daga inda ruwa ke tsayawa idan teku ta janye, kamar yadda taswirar hukuma ta nuna, daga nan ake ƙidayar mil 12 na ruwan ƙasa, da mil 200 na yankin kifi da man fetur. Mil ɗin teku metir 1,852 ne. Saboda irin wannan lissafi Gana da Kodebuwa suka je gaban kotun teku ta Hambur, wadda ta raba su a 2017.

Mu ma mun ga amfanin awon ruwa a gida. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun duniya ta Lahai ta yanke hukunci tsakanin Nijar da Benin game da kogin Isa. Kotu ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi a babban mashigin jirage, kamar yadda yake lokacin samun ƴancin kai a 1960. Hujjar da ta fi dogara da ita kuwa rahoton 1970 ne na wani kamfanin Holan, NEDECO, wanda ya auna kogin. Bisa wannan awo, cikin tsibirai 25 Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9.

Abin lura shi ne, baƙi ne suka yi awon, kuma ba domin shari'a suka yi shi ba. Da ba a adana shi ba, da gardama ta daɗe. Yau na'urorin sun yi sauƙi, wasu hotunan sama kuma ba a biyan ko dala a kansu. Abin da ake bukata shi ne mutanen da suka iya karanta su. Ya dace ma'aikatarmu ta taswira, da Jami'ar Abdu Mumuni, da hukumar kogin Isa mai mazauni a Yamai, su horar da samari kan wannan aiki, a riƙa auna kogin Isa da tafkin Cadi a kai a kai, a ajiye lissafin a hannun ƴan ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ranar shari'a ko ranar ciniki, wanda ke da awo a rubuce shi ake saurara.