Ra'ayinmu: Ba giya kaɗai ke bugar da direba ba

Duk wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, dole ya ratsa Boɗinga, ya wuce ta Shagari kafin ya kai Tambuwal. Wannan hanya wani ɓangare ne na babban titin da ya haɗa Sakkwato da Kwantagora da Ilorin har zuwa Legas, saboda haka ba ta hutawa dare da rana. Tirelolin shanu da albasa na gangarawa kudu, tankokin mai na haurowa, ƙananan motocin haya na tsere a tsakaninsu, ga 'yan kabu-kabu da amalanken jakai da 'yan makaranta a gefe. Idan aka yi maganar tuƙi cikin maye a wannan yanki, mutane da dama sukan ce ai wannan matsalar wasu ce, domin tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, babu mai buɗe mashaya a fili. Mu a namu ganin, wannan natsuwar ce babban haɗarin. Mayen bai bar hanyarmu ba. Kwalba kawai ya ajiye, ya koma cikin ƙwayar da ake haɗiyewa da shayi, wadda ba ta da warin da zai tona asirin mai shan ta.

Alƙaluma sun riga sun nuna haka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Daga cikinsu, miliyan 4.6 magunguna irin su tiramol suka sha ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Shiyyar Arewa maso Yamma kaɗai ta ɗauki kusan mutum miliyan 3. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yau hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ba ta daina kama tiramol mai ƙarfin miligiram 225 ba, alhali wanda aka amince likita ya rubuta bai wuce 50 ko 100 ba. Babu wani dalili da zai sa a zaci cewa annobar da ta shiga makaranta da kasuwa da cikin gida ta tsaya a ƙofar tasha ta yi sallama ta juya.

Abin da ƙwaya ke yi wa direba ba ya da wani bambanci da abin da giya ke yi masa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan yaro ya faɗo titi a Sifawa ranar kasuwa, ko saniya ta ɓalle daga garke, daƙiƙa ɗaya da direba ya ƙara kafin ƙafarsa ta sami birki ita ce tsakanin tsira da jana'iza. Tiramol da kodin suna rage saurin wannan amsawa, suna kawo gyangyaɗi, kuma likitoci sun tabbatar cewa tiramol idan ta yi yawa tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Wiwi na dagula wa mutum lissafin nisa da lokaci, har ya ga kamar zai iya wuce tirela kafin mai tahowa ya iso. Mafi muni, kayan maye sukan ƙara wa mutum yarda da kansa a daidai lokacin da ƙwarewarsa ta ragu. Shi ya sa wanda ya yi caji yake rantsuwa cewa a lokacin ne hannunsa ya fi faɗawa a kan sitiyari.

Za a ce mana an bar jaki ana dukan taiki, domin ramuka da tsofaffin tayoyi da lodin wuce kima su ne ke kashe mutane. Ba mu musanta ba, kuma wajibi ne gwamnati ta gyara hanya. Sai dai lalacewar hanya hujja ce a kan mai maye, domin titi mai rami ya fi kowanne buƙatar direba mai cikakken hankali. Kuma duk ranar da aka shimfiɗa sabuwar kwalta, gudu zai ƙaru, kuskuren bugaggen direba ya ƙara tsada. Wasu kuma za su ce hatsari ƙaddara ce. Gaskiya ne babu mai wuce kwanansa, amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, ko daga tulu ya fito ko daga kantin magani, shi ne kuma ya ɗora diyya a kan wanda ya kashe rai ko da bisa kuskure. A ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar a Sifawa, ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, bai kamata a bari malamai su yi wa'azi a kan giya su tsallake ƙwaya ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta direbobin kansu. Suna cewa ba don nishaɗi suke sha ba, don gajiya ne. Mai mota ya yanka musu balas ɗin da za su kawo kullum, mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, mai shanu kuma yana so dabbobinsa su isa kudu kafin su galabaita. Wannan kuka ne da ya cancanci a saurara, kuma yana nuna cewa laifin bai tsaya a kan mai riƙe da sitiyari shi kaɗai ba. Amma ƙwaya ba ta biyan bashin barci, ɗage shi kawai take yi, kuma barcin yakan zo karɓar haƙƙinsa ne a tsakiyar hanya ba tare da sallama ba. Maganin gajiya shi ne hutu da direba na biyu a tafiya mai nisa. Attajirin da ya ɗora wa yaronsa tafiyar da ba ta yiwuwa sai da ƙwaya ya san abin da ya saya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Doka ta kamata ta bi shi har gida idan motarsa ta yi kisa.

A nan ne muke ganin giɓin hukuma. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sanya tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya a jerin laifuffukanta, amma tarar naira 5,000 da aka daɗe ana yankawa ba ta kai kuɗin man tafiya ɗaya ba. Na'urar da ake hura wa iska kuma barasa kawai take ganewa, saboda haka wanda ya haɗiyi tiramol zai hura ya wuce abinsa. Ingila ta gane irin wannan giɓi, ta fara gwajin yawu a bakin hanya a 2015. Mu ma muna da inda za mu fara, wato tasha. A haɗa FRSC da NDLEA da ƙungiyar direbobi ta NURTW su riƙa gwajin ba-zata kafin mota ta yi lodi, a kuma kori masu tallar ƙwaya da ke fakewa da teburin shayi ko tiren magani. Masu tsoron kada gwajin ya zama sabuwar hanyar karɓar na goro suna da gaskiya, shi ya sa muke cewa a yi shi a fili, gaban shugabannin tasha, a rubuta sakamako. Wanda aka kama a karon farko a dakatar da shi, a tura shi neman magani, tunda akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, maimakon a wulakanta shi ya koma sha a ɓoye.

Saura fasinja, wanda shi ne ya fi kowa asara kuma ya fi kowa shiru. Mun saba mu ga idon direba ya yi ja, harshensa ya yi nauyi, mu ce Allah ya kiyaye mu shiga, wani ma ya yaba masa da cewa yana da wuta. Kamasho ya san wanda ya sha, yaron mota ya sani, mai shayi ya sani. Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da hakimai da limamai suna iya mayar da wannan sani ya zama ƙa'ida: direban da ya bugu ba zai yi lodi a tashar garinsu ba. Jinkirin awa ɗaya a tasha ya fi kwana arba'in a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga wanda ma Allah ya sa aka kai shi da rai. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.