Ranar rigakafi, a tambayi uwa inda jaririnta yake kallo

A kowane ƙaramin asibiti na Wurno, Rabah ko Goronyo, aikin ranar rigakafi sananne ne. A ɗora yaro a sikeli, a zagaya damtsensa da tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore, a yi allura, a cike kati, a gaya wa uwa ranar dawowa. Wannan duka aikin ceton rai ne. Sai dai akwai tambayoyin da ba su cin ko sisi, amma ba kasafai ake yin su ba: idan an kira sunansa yana waigowa? Idan kin nuna masa akuya da yatsa, yana bin yatsan da ido? Yakan kalli fuskarki ya yi murmushi? Ina ganin waɗannan tambayoyi sun cancanci gurbi a katin yaro, a zuwan wata 9 da na wata 15, lokacin allurar ƙyanda, domin su ne hanya mafi sauƙi da muke da ita ta hango lalurar otizim, wadda kafofin labarai ke kira galahanga, tun kafin a fara cewa yaro ya yi nauyin baki.

A shekarar 2013 Warren Jones da Ami Klin na birnin Atlanta a Amurka suka buga binciken da suka yi kan jarirai 110. Daga cikinsu 59 suna da wa ko ya mai otizim, kuma an zaɓe su ne saboda lalurar tana bin jini: kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan ƙanne shi ma yakan same ta. Tun daga wata 2 har shekara 2 ana nuna musu bidiyon mace tana yi musu wasa, wata na'ura tana bin ƙwayar idonsu. Yaran da daga baya aka tabbatar suna da lalurar, a wata na 2 suna kallon idon mutum kamar kowane jariri. Tsakanin wata 2 zuwa 6 ne kallon ya fara raguwa, ya ci gaba da yin ƙasa. Wato abin yana nan da farko, daga baya yake zamewa, kuma abin da yake zamewa a hankali akwai fatan a tallafe shi.

Kallon yana da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa take raba aiki tsakanin ɓarinta biyu. Abin da ke hagun mai kallo yana fara isa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, kuma a yawancin mutane ɓarin dama ne ya fi ƙwarewa wajen gane fuska, yayin da na hagu ya fi ɗaukar nauyin harshe. Shi ya sa mutum yakan fi karkata ido ga rabin fuskar da ke hagunsa ba tare da ya sani ba. Wani bincike a Pittsburgh a 2012 ya ga wannan karkata ta bayyana a wata 11 ga jariran da ba su da otizim a gidansu, amma ba ta fito haka ba ga ƙannen masu lalurar. A shekarar dai, masu bincike a San Diego sun bayyana cewa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara suna barci ana karanta musu labari, suka ga ɓarin hagu na masu otizim bai amsa magana kamar na sauran ba. Bambancin yana ginuwa ne watanni kafin uwa ta lura da komai. Don haka ba wata iska da ta shafi yaro a bakin gulbin Rima, ba kambun baka ba ne, ba kuma sakacin uwa ba.

Wani zai ce wannan awo na Turawa ne, mu nan yaro a baya yake yini, yana kallon ƙeyar uwarsa tana daka ko tana gyaran albasa, kuma tarbiyyarmu ta ce yaro ya sunkuyar da kai gaban babba. Ga kuma alkunyar ɗan fari, wadda kan hana uwa yi wa ɗanta wasa ko kiran sunansa gaban mutane. Maganar tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa ba za a kwafo takardar tambayoyin Amurka a karanta wa matan Achida ba tare da gyara ba. Amma jariri ɗan wata 9 bai san kunya ba tukuna. Yana kallon fuska lokacin shan nono da wanka, yana kallon yayyensa da ke yi masa tawai. Abin da alkunya take koya mana shi ne wanda za a tambaya. Idan uwar ɗan fari ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai ma'aikaciya ta juya ga kaka ko 'yar reno: Inna, ke da kike yini da shi, yana dubanki idan kin kira shi? Kakar da ta goya 'ya'ya da jikoki ta san jaririn da ya fita daban, ko da ba ta san sunan abin ba.

Dole kuma a faɗi iyakar wannan ilmi. Raguwar kallon da aka gani kafin wata 6 na'ura ce ta gano ta, ido ba ya kama ta, kuma binciken duk kan yara ƙalilan aka yi. Jariri ya kau da kai yau ba hujjar komai ba ce. Shi ya sa na ce wata 9 da wata 15, lokacin da waigowa ga suna, bin yatsa da nuna abu suka zama alamun da kowa zai iya gani. Ma'aikaciyar lafiya ba za ta yanke hukunci ba, za ta rubuta ne ta sake dubawa.

Akwai masu cewa yankin da ke fama da tamowa, zazzaɓin cizon sauro da 'yan bindigar da suka raba mutane da ƙauyukansu ba shi da sararin wannan. Amsata ita ce tambayoyin ba su kai minti biyu ba, kuma amfaninsu ya wuce otizim. Yaron da ba ya waigowa wataƙila sanƙarau ko ƙyanda ce ta taɓa jinsa, wataƙila yunwa ce ta rage masa kuzari. Kowanne aka gano da wuri an ci riba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, ba kuwa dalilin da zai sa a ce gabashin Sakkwato ya fita daga lissafin.

To idan an gano, sai me, tunda ba allura ba ƙwaya? A 2021 Andrew Whitehouse da abokan aikinsa a Ostareliya suka buga sakamakon wata hanya da suka gwada kan jarirai 103 masu wata 9 zuwa 14 da suka nuna alamu. An koya wa rabin iyayen yadda za su lura da ƙananan saƙonnin jariri su amsa masa, su bi abin da ya ɗauki hankalinsa. A shekara 3, kashi 6.7 cikin ɗari na waɗannan yara ne suka cika sharuɗɗan lalurar, a ɗaya rukunin kuwa kashi 20.5. Ƙaramin gwaji ne, kuma ba warkarwa yake nufi ba, amma kayan aikinsa fuska ce da murya, waɗanda kowane gida yake da su. Iyalin da suka san gaskiya kuma ba za su sayar da buhunan shinkafa suna yawon neman hayaƙi ba, ba za su doki yaro a kan miskilanci ba.

Haɗarin da na fi tsoro shi ne a haɗa tambayar da allura, wani ya ce allurar ce ta jawo. Arewa ba ta manta ƙauracewa rigakafin shan inna ta 2003 ba. Dole ma'aikata su riƙe amsar a bakinsu: rahoton 1998 da ya haddasa zargin cewa allura ke jawo otizim a Ingila an janye shi a 2010, kuma binciken Denmark na 2019 kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Sakkwato tana iya sa wannan cikin horon da take ba ma'aikatanta, ta kuma tsara yadda yaron da aka yi shakka a kansa sau biyu zai isa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da takarda a hannu, a fara da gwajin ji.