Soron Da Ba A Shiga Shi Ke Faɗuwa

Akwai waɗansu mutane waɗanda in sun ga tsohon ginin ƙasa ba abin da ke zuwa bakinsu sai a rushe a zuba siminti, wai shi ne ci gaba. Wannan magana kuwa ɓata ce, kuma garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram za su yi hasara in an bi ta.

Garuruwan nan biyu mazaunin hakimai ne tun suna ƙarƙashin En'e ta Kano. Da aka soke En'e cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, sa'an nan aka yanke Jihar Jigawa cikin 1991, sai aiki ya koma sababbin ofisoshi. To, abin da ya saura na gine-ginen En'e, kamar kotun alƙali da ɗakin shan magani da barikin baƙi, yaya za a yi da shi?

Masu son rusau suna cewa ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Su tambayi magina. Soro ba ya faɗuwa don tsufa, sai don an daina shigarsa: indararo ya toshe ba wanda ya gani, ruwa ya kwanta bisa rufi, gara ta cinye azara. Maganinsa yaɓe ne kafin damina, da mutane a ciki kullum.

Ga shaida a Kano. Gidan Makama, wanda ake danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa na ƙarni na 15, gidan tarihi ne yau. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya buɗe makaranta cikin 1909, yana nan tsaye. Haka tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922. Aikin da aka ba su ya rayar da su.

Birnin Kudu ma ta fi su hujja, domin tana da zanen shanu na mutanen dā a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ya kamata baƙon da ya zo kallo ya sami tsohon soro inda za a yi masa bayani. Wani ɗaki ya zama na karatun littattafai, zaure kuwa ajin manya. Gwaram ita ma haka.

Saboda haka wajibi ne hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi su ƙidaya gine-ginen nan, su kira magina tun ruwa bai sauka ba. Da harajin talakawa aka gina su, ba daidai ba ne a rushe a yanka wa mutum guda filin kanti.