Takardar minti biyar da ke kai kuɗin ciyarwa hannun yara

A ƙasar Amurka, duk wanda ya ɗauki sabon ma'aikaci, ko babban kamfani ne ko ƙaramin gidan abinci, doka ta tilasta masa sanar da hukumar jiharsa cikin kwana 20. Wannan doka ta samo asali ne daga gyaran tsarin tallafin jama'a da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agustan 1996, kuma ta fara aiki a watan Oktoban 1997. Babban dalilinta shi ne gano iyayen da kotu ta ɗora wa kuɗin ciyar da 'ya'yansu bayan rabuwa, amma suka yi ɓatan dabo.

Masu kamfanoni kan koka cewa an ƙara musu aikin takardu kan matsalar da ba su suka haifar ba. A ganina, wannan koke bai kai nauyin amfanin dokar ba.

Abin da ake nema kaɗan ne: sunan ma'aikaci, adireshinsa, lambarsa ta tsaron zamantakewa da ranar da ya fara aiki, sai sunan kamfani, adireshinsa da lambarsa ta haraji. Yawancin waɗannan suna cikin takardar haraji ta W-4 da kowane sabon ma'aikaci ke cikewa dama. Kamfanin da ke da rassa a jihohi da yawa yana iya zaɓar jiha ɗaya ya riƙa aika komai ta intanet. Tarar rashin sanarwa ba ta wuce dala 25 kan kowane ma'aikaci, sai in an haɗa baki da shi don ɓoyewa, nan ne take kaiwa dala 500.

Da zarar bayanin ya shiga, sai a gwada shi da sunayen waɗanda ake bi bashin ciyarwa, a kuma tura shi rumbun bayanai na ƙasa. Idan suna ya yi daidai, sai a umarci kamfanin ya riƙa cire kuɗin daga albashi. Ta wannan hanya ce ake karɓar mafi yawan kuɗin ciyarwa a Amurka. Uban da ya bar Ohayo ya koma Teksas ba ya iya sake rayuwa kamar bai taɓa haihuwa ba.

Masu koken suna da gaskiya a wasu wurare. Nauyin ya fi faɗa wa mai ƙaramin shago da ba shi da akawu, kuma aikin da ya fi wuya shi ne lissafin cire kuɗin duk ranar biya da aika shi kan lokaci. Akwai kuma batun sirri, tun da ana tattara bayanan kowa ne, har da miliyoyin da ba a bin su ko sisi. Sannan mai aikin da ake biya hannu da hannu yana sulalewa. Amma waɗannan dalilai ne na sauƙaƙa tsarin da tsare bayanan. Idan aka soke shi, aikin neman uban zai koma kan uwar da ke riƙe da yaran, wadda ba ta da lokaci, ba ta da kuɗin lauya.

A nan Nijar ma akwai abin dubawa. Dokar OHADA kan ƙwato bashi, wadda ƙasarmu ke aiki da ita, ta tanadi hanya mai sauƙi ta cire kuɗin ciyarwa daga albashi. Masu ɗaukar ma'aikata kuma wajibi ne su yi musu rajista a CNSS. Sai dai hukuncin alƙali ba ya ciyar da yaro idan ba a san inda uban ke aiki ba. Ya kamata ma'aikatar shari'a ta duba yadda kotu za ta iya tambayar CNSS kai tsaye, bisa ƙa'ida mai tsauri kan wanda zai ga bayanan. Hakan ba zai kama ɗan kasuwar Maraɗi ko manomin Tawa ba, domin yawancin jama'a ba su karɓar albashi. Amma ga masu albashi, takardar tana nan a rubuce, ba sai an ƙara wa kowa wata sabuwa ba.