Gadar da Ta Yi Nisa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta zancen wani fim na yaƙi. Na san akwai waɗanda za su ce, ina ruwan mai alƙalami da wasan sinima? To, su yi haƙuri su karanta tukuna, gama a ganina fim ɗin nan ya fi shafar mai rubuta rahoto a kan mai riƙe da bindiga.

Sunansa da Turanci A Bridge Too Far, watau gadar da ta yi nisa. An fito da shi a 1977, Richard Attenborough ne ya shirya shi, an kuwa ɗauko labarin daga littafin wani ɗan jarida, Cornelius Ryan, wanda aka buga a 1974, shekarar da shi marubucin ya rasu. Tsawonsa kusan awa uku ne. Mai son kallo sai ya ci tuwonsa tukuna.

Ga asalin maganar, domin wanda bai sani ba. Cikin Satumba 1944 an riga an kori Jamus daga yawancin Faransa da Beljiyam, har manyan sojan Ingila da Amurka suna tsammani sauran ƙiris a gama da Hitila. Sai Montgomery, babban hafsan Ingila, ya kawo wata dabara, Janar Eisenhower kuwa ya amince. Za a zuba sojan laima kamar 35,000 daga sama cikin ƙasar Holan, a bayan abokan gaba, su kame gadoji bi da bi. Amurkawa su riƙe na wajen Aindofan da Naimegan, Ingilishi da mutanen Polan su riƙe ta ƙarshe, wadda ke bisa kogin Rayin a garin Arnam. Sa'an nan rundunar tankoki ta taso daga iyakar Beljiyam, ta bi hanya guda, mil 64, ta iske na Arnam cikin kwana biyu ko uku. In an yi haka, an sami ƙofar shiga Jamus. Aka fara ran Lahadi, 17 ga Satumba. An kama yawancin gadojin da ke kan hanya, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne: ta Arnam ta gagara. Daga cikin mutum kamar 10,000 da aka sauke can, waɗanda suka ƙetaro kogi da dare ran 25 ga wata ba su wuce 2,400 ba. Kusan 1,500 sun mutu, fiye da 6,000 an kama su.

Yawancin finafinan yaƙi, in ka duba, ana yinsu ne domin a yi kirari. Jarumi ya fito, ya sha wuya kaɗan, ya ci nasara, 'yan kallo su tafa. Wannan kuwa an tara manyan 'yan wasa na zamanin, su Sean Connery da Anthony Hopkins da Michael Caine da Robert Redford da Laurence Olivier, aka kashe dukiya mai yawa, duk domin a nuna yadda aka sha kashi. Wannan kaɗai ya isa a yaba. Amma abin da ya fi kama ni shi ne, fim ɗin bai ce rashin sa'a ce ta kawo asarar ba. Ya bi sawun magana, ya nuna inda gaskiya ta taso daga ƙasa za ta hau sama, da kuma wanda ya tare ta a hanya.

Ku duba wurin nan tun ba a tashi ba. Wani ƙaramin hafsa mai aikin tattara labarin abokan gaba ya kawo wa Janar Browning, shugaban sojan laima, hotunan da jirgi ya ɗauko, ga tankokin Jamus a ɓoye cikin itatuwa kusa da Arnam. Janar ya duba, ya yi kamar ba kome, wai watakila ma sun lalace. Ba a jima ba sai ga likita ya zo wa yaron, ya ce gajiya ta kama shi, ya tafi hutu. Ba a yi masa tsawa ba, ba a kore shi ba, cikin ladabi da fara'a aka kawar da shi. A fim an sake masa suna, ana ce da shi Manjo Fuller, amma mutumin gaske ne, sunansa Brian Urquhart, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya ji tsoro kuwa yana nan: rundunoni biyu na tankokin Jamus, ta 9 da ta 10, suna hutawa suna gyara a kewayen Arnam.

Akwai wani wurin kuma, gajere ne, mai kallo yana iya ƙyafta ido ya wuce shi. Hafsoshi masu kula da wayar iska suna zance tsakaninsu, sun san na'urorinsu da ƙyar za su kai nisan da ake bukata cikin kurmi da gidaje. Suka dubi juna, suka ga kowa ya ɗaura ɗamara, suka ce a bar maganar. Ya 'yan'uwana akawuna, wane ne cikinmu bai san irin wannan shiru ba? Na taɓa aiki a wani ofis inda rahoton wata kan fito daga hannun mai awo da gishirinsa, ya biya ta tebur uku, kowane tebur ya rage masa ɗaci, kafin ya kai gaban maigida ya zama zuma. Ba wanda ya yi ƙarya ko ɗaya. Kowa dai ya lura da fuskar na sama da shi, ya auna abin da za ta iya ɗauka. A ofis abin da kan biyo baya takardar tuhuma ce. A Arnam kuwa, da aka sauka wayoyin suka ƙi, har Janar Roy Urquhart, shugaban rundunar (sunansu ɗaya da wancan, amma ba dangi ba ne), ya bar mazauninsa ya fita neman mutanensa da kansa, Jamusawa suka rutsa shi, ya ɓuya a saman wani gida, runduna tana yaƙi ba ta san inda shugabanta ya ke ba.

Kada a ce cutar ta Ingilishi ce kaɗai. Fim ɗin ya yi adalci a nan. An tsinci takardun shirin duka cikin wani jirgi da ya faɗi, aka kai wa Model, babban hafsan Jamus, ya ture su, ya ce yaudara ce. Jamusawan kuwa da harshensu su ke magana, mutanen Holan ma da nasu, ana rubuta fassara a ƙasa, ba a mai da su dodanni ko wawaye ba.

Wajen ɗaukar hoto ba ni da abin cewa sai madalla. A lokacin ba a yin irin wannan da kwamfuta, saboda haka jiragen da ka gani jirage ne, mutanen da ke faɗowa da laima mutane ne. A garin Deventer aka ɗauki faɗan gada, domin kewayen ta Arnam ya riga ya sake kama. Wanda ya tsara kiɗan, John Addison, shi kansa yana cikin rundunar tankokin da ta bi hanyar nan a 1944. Da ido za ka ga abin da ya kashe shirin. An sauke mutane mil 6 zuwa 8 daga gadar da aka aike su kamawa. Jirage ba su isa a kwashe kowa rana ɗaya ba, sai aka raba kwana uku, hazo kuma ya ƙara jinkiri. Hanya kuwa ɗaya ce tak, ƙunci gare ta, in igwa ta harbi motar gaba duk na baya sun tsaya. Kanar John Frost da mutum kamar 740 su kaɗai suka kai bakin gada, suka riƙe gefen arewa kwana uku da dare huɗu, har harsashi ya ƙare, gidajen da su ke ciki suka kama wuta.

Wuri biyu ba sa fita raina. Na fari, ran 20 ga wata, da aka sa Amurkawa su ƙetare kogin Wal a Naimegan da rana tsaka, cikin 'yan jiragen ruwa 26 na tamfol, waɗansu suna tuƙi da gindin bindiga don rashin filafili. Suka ƙetare da asara mai yawa, aka kama gadar, sa'an nan tankokin Ingila suka haye suka tsaya jiran sojan ƙasa, Arnam tana gabansu mil 11. Na biyu, jirage suna ta zubo abinci da harsashi a filayen da Jamus ta riga ta ƙwace, ba waya da za a gaya musu. Wani soja ya kasa daurewa, ya ruga ya saɓo tulun kaya guda, aka harbe shi kafin ya iso, tulun ya fashe, ashe jajayen huluna ne ciki. Duk wanda kakansa ya yi yaƙin Bama, inda sojanmu na runduna ta 81 suka zauna a kwarin Kaladan a 1944 ba su da abinci sai wanda jirgi ya jefo, ya san abin da ake nufi da kaya su faɗa hannun da ba shi ba.

To, amma yabo ba ya hana a faɗi aibu, ga nawa. Fim ɗin da ya tsaya kan yadda manya kan kauce wa gaskiya, shi ma ya kauce wa babba. Montgomery, mai dabarar, ba a nuna fuskarsa ko sau ɗaya ba. Sai dai a ambace shi daga nesa, har a ƙarshe a kawo saƙonsa cewa wai an ci kashi 90 cikin 100 na abin da aka nufa. Nauyin duka aka jibga wa Browning, wanda ya rasu tun 1965, ba shi da bakin kare kansa. Matarsa, marubuciya Daphne du Maurier, ta yi fushi ƙwarai da yadda aka nuna shi. Ba na cewa Browning ba shi da laifi. Ran farko, lokacin da ake ƙarancin jirage, ya ɗebi fiye da 30 domin kai ofishinsa Holan, ofishin da bai tsinana kome ba a yaƙin. Amma wanda ya yanke hukunci dabam, wanda ya aika da shi dabam, kowane akawu ya san wannan.

Haka kuma ba a ba mutanen ƙasar cikakken haƙƙinsu ba. An nuna Kate ter Horst, matar da ta buɗe gidanta aka cika shi da masu rauni, an kuma rufe fim da ita da 'ya'yanta suna barin gida da 'yan komatsai a amalanke. Nan aka tsaya. Ba a faɗi cewa Jamus ta kori mutanen Arnam duka daga garinsu ba, ko cewa ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan sun yi yajin aiki domin taimakon harin, Jamus kuwa ta rama da hana shigar da abinci yammacin ƙasar. Cikin hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe mutum kamar 20,000. Arnam ba ta kuɓuta ba sai Afrilu 1945. Malamin da zai nuna wa almajiransa fim ɗin nan, ina roƙonsa ya ƙara musu wannan da bakinsa.

Saura mutum ɗaya, shi ne Janar Sosabowski, shugaban sojan laima na Polan, wanda Gene Hackman ya fito a madadinsa. Shi kaɗai ne cikin manya ya buɗe baki a wurin shawara ya ce shirin nan da haɗari, ya tambaya ina aka bar Jamusawa cikin lissafi. An nuna shi mai fushi, mai kaushin harshe, an nuna yadda aka jefa mutanensa ran 21 ga wata a kudancin kogi, aka ce su ƙetare da dare ba isassun jiragen ruwa. Abin da ya same shi bayan haka ba ya cikin fim. Montgomery ya rubuta Landan yana kushe mutanen Polan, Browning ya rubuta yana neman a cire shi, cikin Disamba 1944 aka raba shi da rundunarsa. Bayan yaƙi bai iya komawa ƙasarsa ba, gama ta shiga hannun Rasha, sai ya zauna Landan yana aikin leburanci a wata masana'anta, har ya rasu a 1967. Sai a 2006 Sarauniyar Holan ta ba rundunarsa lambar girma mafi daraja ta sojan ƙasar, shi ma aka ba shi tasa, shekara 39 bayan rasuwarsa.



Naka,
Akawun Bakin Kasuwa