Kafin a goge maka kwamfuta saboda Bluetooth

A Yelwa, kamar a sauran garuruwanmu, magani ɗaya ake yi wa kusan kowace cutar kwamfuta: a goge komai, a sake zuba Windows. Idan laifinta bai wuce ƙin haɗuwa da lasifika ko abin kunne ta Bluetooth ba, ina ganin wannan ɓarna ce, domin takardun malami ko lissafin dillalin kifi na iya salwanta a banza.

Sau da yawa tushen matsalar ƙarancin wuta ne. Madatsar Kainji tana nan tun 1968, tafkinta ya cinye ƙauyuka da gonaki har ƙasar Yawuri, amma mai kwamfuta a Ngaski ko Shanga da batiri yake wuni. Windows kuwa tana da izinin kashe na'urar Bluetooth don tattalin caji, kuma a tsofaffin kwamfutoci na hannu ba kullum na'urar ke farkawa ba. Ka shiga Device Manager, ka buɗe bayanan na'urar, ka cire alamar wannan izini a shafin Power Management.

Akwai kuma cunkoso. Bluetooth da Wi-Fi suna raba zango ɗaya, 2.4 GHz, kuma filashin USB 3.0 na tayar masa da hayaniya. Cire shi ka gwada. Abin kunne shi ma yakan liƙe wa wayar da ya saba da ita, don haka kashe Bluetooth ɗin wayar, goge tsohon haɗin, ka sake daga farko.

Idan duk sun ci tura, 'yar ƙaramar na'urar Bluetooth ta USB za ta maye gurbin ta ciki, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba.